Yayata Mai Duba Jini

Yayata ta yi shekara ashirin da uku tana duba jini a asibitin gwamnati, a wani ɗaki mai taga ɗaya da fankar da ƙararta ta fi iskarta yawa. Ni kuwa a asibitin kuɗi nake, a teburin karɓar marasa lafiya. Ko allura ban iya yi ba, amma albashina ya ninka nata. Ga shi bakina ba linzami.

"Yaya, ki dawo wajenmu mana," nake ce mata. "Sai yaushe za ki daina yi wa gwamnati aikin lada?"

Ta taɓa zuwa, lokacin da ta ɗauki hutu. Sai dai a wajenmu yawan gwajin da mutum ya fitar a rana ake kallo, ita kuma ba ta rubuta "babu komai" sai ta bi ɗigon jinin nan daga wannan gefe zuwa wancan. Manaja ya ce tafiyar hawainiya take yi. Sati biyu ta yi ta koma ɗakinta mai zafi. Na yi ta mita, har na ce mata talauci ne ya riƙe mata ƙafa.

Bara 'yata ta kwanta da zazzaɓi. Sau biyu aka gwada jininta a wajenmu, sau biyu takarda ta ce babu komai, yarinya kuwa sai narkewa take yi. Ranar da ta kasa ɗaga kai na goya ta na tafi wajen Yaya, kunya kamar ta kashe ni.

Ba ta yi min gori ba. Ta soki yatsar yarinyar, ta shafa jinin a ɗan gilashi, ta sunkuya a kan tsohon madubinta na duba ƙwayoyin cuta. Minti arba'in ina tsaye, yatsunta kaɗai ke motsi. Wallahi tsoro ya kama ni, tsoron wannan matar da na raina.

"Ga su nan," ta ce a hankali. "Ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro. Kaɗan ne, sun ɓuya a gefe. Kai ta wajen likita yanzu, ba a makara ba."

Na fashe da kuka, na fara ba ta haƙuri. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta riga ta ɗauki gilashin wani.

"Je ki, ƙanwata," ta ce. "Kin tare min haske, kuma wannan ma jinin ɗan wata uwar ne."