Lallen da Zaituna Ba Ta Ɗauka a Hoto Ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin iyaka a Magama yana jiran a ba motarsu hanya, da wuya a ce bai ci shinkafa da waken Hajo ba. Rumfarta na nan gefen titi in ka doshi Ɗan Isa, inda direbobi ke shimfiɗa tabarma a inuwar manyan motoci. Amma ba labarin Hajo zan ba ku ba. Labarin 'yarta ta fari ne, Zaituna mai lalle, wadda ni Fatsuma nake goggonta, ƙanwar ubanta. Sai dai in ka jawo ɗaya, dole ɗayar ta biyo.

Zaituna yarinya ce da ba ta raina abin murna. In ta sayi sabon takalmi sai ta ɗauke shi hoto kafin ya taɓa ƙasa. Ranar da aka yi ruwan farko, shayi take dafawa da citta da madara, ta tara 'yan matan layi su sha a bakin ƙofa. Ranar Juma'a ko ba ta da wurin zuwa sai ta ci ado, ta kunna turaren wuta, ta zauna a tsakar gida kamar mai jiran baƙi. Nakan yi mata tsiya in ce wata rana sai ta yi wa tsintsiya walima. Sai ta yi dariya ta ce, "Gwaggo, in ban yi ma kaina murna ba, wa za shi yi mani?" Na daɗe ina ɗaukar wannan maganar a ta yarinta.

Kun san yadda muke da ɗan fari. Ana yaye Zaituna aka kai ta Gangara wurin Innarmu, can ta girma, sai da tsohuwar ta rasu ta dawo gidan ubanta, ta riga ta zama budurwa. Hajo ba ta taɓa kiran sunanta ba. "Ta Gangara" take ce mata, shi ma sai in ya zama dole. Ba ta cin abinci kwano ɗaya da ita, ba ta yabonta, in ana maganarta a cikin mutane sai ta sami abin yi a madafa. Ƙannenta kuwa, Sakinatu da Abbas, sunansu take kira gatsau, har ta yi wasa da su. Ita Zaituna "Yaya" take ce wa uwar tata. Kowa a garin nan ya san kunya ce, ba ƙi ba. Zaituna ma ta sani da ka, amma zuciyarta ba ta taɓa yarda ba.

A Katsina ta koyi zanen lalle, kuma can ta yi ƙawaye, Sumayya da Mu'minat, masu rungume uwayensu a hoto suna sawa a waya kowa ya gani. Da ta dawo hannunta ya faɗa. Amaren garin Kusa da na cikin Jibiya ita suke nema, har daga Maraɗi ake aiko mata, ta rataya jakarta ta ƙetare, ma'aikatan bakin iyaka na tsokanarta ko su ma za a yi musu. Duk da haka, in salla ta zo, Hajo sai ta yafa mayafi ta wuce ta gaban 'yarta, ta tafi wurin wata tsohuwa a bayan masallaci a yi mata ƙunshi. Na sha ganin idon Zaituna in ta ga jan lallen wata a hannun uwarta. Sai dai ta ƙara ƙarar waƙa a wayarta.

Bara bayan babbar salla ta buɗe ɗan shagonta, ba nisa da rumfar Hajo. Wadda ke yi wa ruwan sama biki, ai ba sai na faɗa muku yadda ta shirya wannan ba. An kafa rumfar haya, an jera kujeru, an kawo kek daga Maraɗi wanda su can suke ce wa gato, har da lasifika. Hajo kuwa ta rufe rumfarta ranar, abin da ba ta yi sai in an yi rasuwa. Tun asuba take kan tukwane, ita ta dafa duk abin da aka ci. Da aka fara taro bayan la'asar sai ta ja ɗan turmi can baya wurin tukwanen ta zauna, da tsohon mayafinta. Ni da na ga haka na san ta gama magana. Irin tata murnar ke nan.

Zaituna ba ta ga haka ba. An yanka kek, ƙawaye sun yi guɗa, sai ta karɓi lasifika. Na ɗauka godiya za ta yi.

"Jama'a, yau ina son alfarma guda," in ji ta. "Mama, ki hito. Ki zo ki kira sunana gaban kowa, ki sa mani albarka, mu yi hoto ni da ke."

Mama fa ta ce. Tsofaffi suka fara kallon juna. Na ɗaga mata hannu in hana ta, ina, ta riga ta ratsa kujeru ta kamo hannun uwarta, 'yan mata na bin ta da wayoyi a sama suna tafi. Ta jawo Hajo har tsakiyar fili ta kara mata lasifika a baki.

Ban taɓa ganin babbar mace ta ƙanƙance haka ba. Hajo ta ja mayafi ta rufe fuska, numfashinta kaɗai ake ji a lasifikar. Zaituna na cewa, "Ki hwaɗi mana, Mama, sau guda ɗai." Sai Hajo ta fizge hannunta ta juya da gudu, ta yi tuntuɓe da kujera, ta bar takalminta ƙafa ɗaya a wurin. Yara suka tuntsire da dariya. Wata tsohuwa ta yi salati ta ce, "Wagga ɗiya, mi uwarki ta yi maki?" Zaituna ta tsaya da lasifika a hannu, tana kallon takalmin.

Kafin gari ya waye abin ya shiga kowace waya daga Magama har Ɗan Isa. Hajo ta daure ta fita rumfa washegari. Direbobi ba da mugunta suke yi ba, amma ba su da linzami a baki. Wannan ya ce, "Hajo, hwaɗi sunan mu ji, sai in ƙara kwano." Wancan ya kunna mata hoton gudun nata. Matar da ta shekara ashirin tana tsawata wa ƙartin maza su wanke hannu, ranar ko ido ba ta iya ɗagawa ba. Kafin azahar ta koma gida, ta shige ɗaki, ba ta sake fita ba. Sakinatu ce ta koma kai abincin rumfa.

Zaituna kuwa kamar an zare mata laka. Ta daina hoto, ta daina shayi, turaren Juma'a ma ya mutu. In za ta shago sai ta bi ta bayan gari, da hijabi har goshi. Takalmin uwarta na nan ƙarƙashin benci a shago, ta kasa kai mata. A gida in ta ji motsin Hajo sai ta maƙale a ɗaki. Ranar da ta zo wurina na shirya mata faɗa cike da baki, kuma na yi, don ni ba na iya haɗiye magana.

"Gwaggo, na kwance ma uwata zani a kasuwa," ta ce tana kuka. "Ni dai so nike in ji ko tana so na."

Haushi ya ƙara kama ni. Na ce, "Kin tuna zazzaɓin da kin ka yi a Gangara kina ƙarama, har an ka hidda rai? Kullum da sassahe Hajo na bisa babur, wai ta zo aron rariya wurin Inna. Rariya! Magama duk babu rariya? Ta tsaya bakin ƙohwa ta leƙa ki, ta koma. Sai da kin ka tashi an ka daina aron rariya."

Ta sa kai a cinyata ta yi kuka har ta gaji. Ta ce za ta je ta durƙusa ta ba ta haƙuri. Na ce kul, in kika tsare ta da ido kina roƙo, wata sabuwar kunyar za ki ɗora mata.

Abin da ta yi ba ni na gaya mata ba. Washegari da safe ta rufe shago, ta karɓi tukwane daga hannun Sakinatu, ta je ta zauna a rumfar Hajo. Direbobi suka samu abin da suke so. Suka yi ta mata tsiya, wani har da kwaikwayon muryarta yana "sau guda ɗai". Ta sunkuyar da kai tana zuba wake, kunnuwanta kamar su faɗi, amma ba ta tashi ba. Haka ta yi ta zuwa kullum, 'yar kwalliyar nan, hayaƙi na cin idonta, har maganar ta ishe su suka koma hirar farashin mai.

Wata safiya sai ga Hajo a ƙofata, karo na farko da ta fito. Ta ce, "Fatsuma, raka ni in amso takalmina." Muka tarar da Zaituna ta leƙa shago ɗaukar wani abu kafin ta wuce rumfa. Tana ganinmu ta daskare. Hajo ta zauna a benci ta juya fuska bango, ta ce da ni, "Tsohuwar nan ta bayan masallaci idonta ya yi rauni. Tambaya mani ko akwai mai yin ƙunshi a nan." Ta miƙa hannuwanta biyu.

Zaituna ta durƙusa. Wannan ne karo na farko da ta riƙe hannun uwarta ba da ja ba. Hannun duk tabon ƙunar tukunya ne da kantar aiki. Yarinyar da ke zana wa amare furanni ko numfashi ba ta yi, ranar sai da ta goge ta sake. Ƙunshi irin na mutanen da ta yi mata, ja a tafin hannu da kan yatsu, ta naɗe da leda. Muka zauna jiran ya kama, muna jin ƙugin motoci a titi. Da rana ta yi zafi Zaituna ta ɗebo ruwa a kofi, ta tsaya tana shakka, don hannun Hajo a ɗaure yake. Sai ta kai mata bakinta. Hajo ta sha, idonta na bango, hawayen Zaituna na ɗiga a kan ledar.

Da aka wanke, lallen ya kama jawur. Hajo ta juya hannun gaba da baya, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta sa takalminta, ta ce da ni, "Ki ce ma ta Gangara ba laihi. Gobe ta tsaya shagonta, ni za ni rumhwa."

Da yamma na ji ƙamshin citta daga gidansu, na leƙa. Zaituna ce ke dafa shayi, ba ta kira kowa ba. Na ce to ina hoton, mu gani, ke da ba ki barin ko takalmi ya tsira. Wayar na gefe a kife. Ta zuba kofi ɗaya ta ba Sakinatu ta kai ɗakin Hajo, ta zuba mini nawa.

"Ban ɗauka ba, Gwaggo," ta ce. "Wanga ba na nunawa ba ne."