Takalmi Ɗaya a Ƙofar Majalisin Baba

Babana yana da wata doka a gidanmu na unguwar Kurayyat, a Jidda, da ko baƙon kwana ɗaya sai ya san ta. Idan ƙungiyarsa ta jefa ƙwallo a raga, duk inda kake a lokacin, nan za ka tsaya har a tashi wasa. Na zaune ya ci gaba da zama, na tsaye ya ci gaba da tsayuwa, wanda ke kicin kuwa ya haƙura da kallo. A ganin Baba, 'yan wasa suna yin nasu a fili, mu ma muna da namu a gida, kuma namu shi ne kada mu motsa mu ɓata sa'a. In ka ce masa camfi ne, sai ya ce astagfirullah, shi ba ya camfi, tsari ne kawai. Salla ce kaɗai take karya dokar.

Ni na fi kowa shan wuyarta, don ni ce mai kai da kawo a gidan. Na taɓa ƙarasa wasa da dutsen guga a hannu. Umma ta taɓa tsayawa a lungun da ke tsakanin ɗakuna tana jin ƙaurin shinkafarta, Baba yana roƙonta da girman Allah ta daure saura kaɗan. Ranar ƙanzo muka ci, amma Baba ya kwana yana murmushi.

A Jidda aka haife shi. Kakana ne ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa, ya bi ta Sudan, ya haye teku, ya sauke farali, bai koma ba. Baba ya yi ƙuruciyarsa da girmansa yana tuƙa motar alhazai, kuma tun yana yawo ba takalmi ya ba masu rawayar riga zuciyarsa. Garin nan dai gida biyu ne, ko kana rawaya ko kana kore. Mun daɗe muna cin tamis ɗin wani layi mai nisa, a huce, saboda mai gasa burodin layinmu ya rataya koren ƙyalle a kan tanderunsa.

Ana cikin haka sai ga mai nemana. Bakatsine ne, mai walda a unguwar masana'antu ta Jidda. Ya zo gyara mana ƙarfen taga, ya gyara, ya tafi, sannan ya dawo wai zai duba ko gyaran ya zauna. Da ya dawo dubawa karo na gaba, Umma ta ce ita dai tunda take ba ta taɓa ganin tagar da aka damu da lafiyarta haka ba. Ina son sa, ba zan ɓoye ba. Mutum ne mai sanyin magana, hannayensa duk tabon tartsatsi, kuma ba ya dariyar Hausata ta 'yan Jidda, wadda rabinta Larabci ne.

Aibinsa ɗaya ne a wurin Baba: iƙamarsa, takardar zaman ƙasa, a hannun kafili take, wato ubangidan da ya tsaya masa. Duk ranar da kafili ya ce khalas, sai Katsina, matarsa kuma ta bi shi. Ni ce auta, ni kaɗai na rage a gaban Baba, kuma ban taɓa taka Nijeriya ba.

Baba bai taɓa cewa a'a ba, ya fi haka wayo. Cewa yake marhaban, manyan yaro su zo, amma a duba rana. Da zafi ya ce zafi ya yi yawa, ba a wahalar da dattawa. Da aka shiga ƙarshen Satumba, yara suka koma makaranta, iskar teku ta fara ɗan sassautawa da yamma, sai ga kakar wasa ta kankama ko'ina a duniya lokaci guda. Daga nan Baba ya huta da neman dalili. Kowace rana ka ambata, akwai wasa a cikinta.

A daidai lokacin ne kawun mai nemana ya zo umara. Tsohon hedimasta ne, dogo, mai ciwon gwiwa, shi ne kuma babba a gidansu. Ya sauka a Aziziyya wurin wani ɗan garinsu, jirginsu zai tashi ranar Lahadi. In ya tafi ba a yi magana ba, babu wani babban da zai sake zuwa nan kusa, kuma na san Baba ba zai saurari yaro shi kaɗai ba.

Umma ta samu Baba da maganar ran Laraba. Ya yi mata bayani a tsanake, kamar mai karanta wa alhazai tsarin tafiya. Alhamis wata ƙungiyar Riyad da ya tsana za ta buga, dole ya zauna ya ga ko Allah zai sa a ci ta. Juma'a rawaya da kore, wannan ko magana ba a yi. Asabar wasannin Ingila tun la'asar, suna ƙarewa na Sifen su ɗora, ga kuma samarin unguwa suna da nasu a filin bayan masallaci, inda Baba yake zuwa ba da shawarar da babu wanda ya nema. Umma ta tambaye shi a ina maganar 'yarsa ta faɗo a cikin wannan tsari. Ya ce Lahadi, in sha Allah. Ta ce Lahadi mutumin yana sama. Ya ce to ai ba shi ya sa wa jirgin rana ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai, na shiga ɗaki na yi kukana. Umma kuwa ta ɗauki waya ta aika wa kawun cewa su zo Juma'a bayan isha'i. Na ce mata ai lokacin ne za a dawo daga hutun rabin lokaci. Ta ce ta sani, shi ne kaɗai lokacin da za ta iya rantsewa yana gida, zaune wuri ɗaya.

A can gida, in ji su, ƙanin uba ake tura masu neman aure wurinsa. Baba ba shi da sauran ɗan'uwa a raye, don haka shi ne wuƙa shi ne nama. Mai nemana, kamar yadda aka saba, ya tsaya a ƙasa cikin mota. Kawu ya hawo bene a hankali tare da wani dattijo abokin tafiyarsa, suka tarar Umma ta bar ƙofa a buɗe. Ni ina bayan labulen majalisi, ɗakin baƙin Baba, riƙe da tiren gahawa da dabino.

Da Baba ya ji sallama, ya jefo wa labulen wani kallo da na ji shi har cikin ƙashina. Amma baƙo baƙo ne. Ya miƙe tsaye, ido ɗaya a talabijin, yana ahlan wa sahlan. Har lokacin babu wanda ya ci. Abokin tafiyar ya zame silifas ɗinsa ya shige ya zauna a ƙarƙashin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, inda sanyi ya fi sauka. Kawu kuwa takalmi sau-ciki ya sa. Ya dafa bango, ya sunkuya da ƙyar, ya zare na dama. Yana ɗagowa mai sharhi ya kwarma ihu, unguwa ta ɗauka. Rawaya ta ci.

Baba ya ɗaga hannuwa biyu ya ce, "Malam, billahi alaik, kada ka motsa. Tsaya yadda kake."

Kawu ya daskare, ya fara duba ƙasa a hankali, ya zaci kunama ce. Baba ya yi masa bayanin dokar cikin gaggawa, Hausa na shiga Larabci na fita. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Tsohon hedimasta, wanda ya baro Katsina da girmansa, an tsayar da shi a bakin ƙofa kamar ɗalibin da ya makara.

Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaya a natse, "To takalmin fa, Alhaji? In cire ɗayan, ko in mayar da wannan?"

Baba ya ce a bar su yadda suke.

Haka aka yi gaisuwa, dattawa biyu a tsaye, na ukunsu a zaune yana shan sanyi, shi kaɗai dokar ta yi wa daɗi. Kawu ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi zafin gari, Baba yana amsawa da rabin baki. Ni hannayena sun gaji da riƙo, finjalai suna ta ƙara a kan tire. Umma tana bayana a lungu, ita ma inda ƙwallon ta same ta, ta toshe baki da gefen mayafi. Ta ɗan tsagin labule na ga Kawu yana kallon Baba, ya kalli talabijin, ya sake kallon Baba. Mutumin da ya yi shekaru yana karantar fuskar yara bai sha wuyar karanta ta Baba ba.

Masu kore suka taso haiƙan. Suka buga turke, suka samu bugun kwana a jere, mai tsaron gidanmu yana ta faɗi-tashi. Baba ya haɗa gumi duk da mukayyif. Sai da wasa ya kusa ƙarewa Kawu ya yi gyaran murya, ya ce ɗansu ya ga 'yar gidan nan, sun zo neman iri. Baba ya ce bayan wasa, Malam, bayan wasa.

Kawu ya ce, "Alhaji, gwiwata ba ta san wasa ba, ga shi jibi zan tashi. Ko ka ba ni amsa in ci gaba da tsayuwa, ko in zauna in jira ka gama."

Ya ɗan lanƙwasa gwiwar ma, don a ga da gaske yake.

Saura kaɗan dariya ta kuɓuce mini. Umma kam ta jingina da bango tana girgiza. An kama Baba da igiyar da ya murza da hannunsa. Amma dariyar ba ta daɗe ba, sai tsoro ya shige ni. Na san Baba da rawaya. Zai iya cewa na ba ku don kawai mutumin nan ya tsaya, a tashi wasa lafiya. Ina son auren, Allah ya sani, amma ban so a ce a bakin ƙwallo ɗaya aka ba da ni ba. Da haka ta faru, da na riƙe shi a raina har abada.

Baba ya kalli talabijin, ƙwallo tana yawo a gaban ragarmu. Ya kalli ƙafar Kawu mai safa. Ya daɗe yana kallon labule.

Sannan ya ce, "Cire takalminka, Malam. Shigo ka zauna."

Shi ma ya zauna, ya ba talabijin baya. Bai kashe ba, kada in yi masa ƙari, amma ya rage murya. Tunda nake ban taɓa ganin ƙeyar Baba tana kallon wasan rawaya ba. Ya tambayi Kawu abin da ya yi wata da watanni yana ɓoyewa a bayan wasanni: idan kafili ya sallami yaron fa?

Kawu ya ce sai ya koma gida da iyalinsa. Ya ce ba zai yi alkawarin abin da ba a hannunsa yake ba. Abin da zai iya faɗa kawai, in ta zo Katsina, tana da uba a can.

Can Baba ya juyo wajen labule, muryarsa ta yi ƙasa.

"Ya binti, na san kina nan, tun ɗazu nake jin finjalai. Kin ji abin da ya ce. In kina so, turo gahawar. In ba kya so, tsaya inda kike, babu mai motsa ki."

Na yi tsammanin abin zai zo mini da sauƙi, sai ga shi ba haka ba ne. Tun ina ƙarama nake tsayawa inda Baba ya ce in tsaya, ina ƙunƙuni, ina zumɓura baki. Ran nan da ya sake ni, sai tausayinsa ya kama ni. Umma ba ta tura ni ba, ba ta kuma riƙe ni ba. Na durƙusa, na ajiye tiren a ƙasa, na tura shi ta ƙarƙashin labule.

Ban gama janye hannuna ba maƙwabcinmu na sama, wanda ɗan kore ne na gidi, ya fara dukan daɓe da ƙafa yana kabbara. Sun rama.

Baba bai waiwaya ba, ko da yake na ga jijiyar wuyansa tana ja. Ya jawo tiren, ya zuba wa Kawu gahawar da ta riga ta huce. Ya goge ido da gefen hannun riga.

Ya ce, "Ka gani ko, Malam? Tun tana yarinya, da ta motsa sai an ci mu. Na ba ku."

Aka shafa fatiha, aka tashi wasa kunnen doki. Washegari Baba ya kalli na Ingila da na Sifen bai bar ko ɗaya ba, ya kuma je filin bayan masallaci ya shaida wa duk wanda ya tsaya cewa wani Bakatsine ne ya jawo musu, da ya bar takalminsa a ƙafa da an ci kore. Sunana bai fito a labarin ba.

Mun yi 'yan shekaru a Jidda bayan biki, har na haihu. Daga baya kafili ya ce khalas ɗin da Baba ya daɗe yana jin tsoro. Yanzu a Katsina nake, Hausata ta miƙe, Kawu kuma ya cika maganarsa. Ba na bin wasa, amma ina sanin duk ranar da rawaya ta ci, don wayata ce take fara ƙara. Baba ba ya ko sallama.

"Ina kike?"

In ce masa ina tsakar gida, ina kwashe shanya.

"To tsaya nan, ya binti. Saura kaɗan."

Ba ya ganina. Zan iya shigewa ɗaki in yi zamana, ba zai taɓa sani ba. Sai in tsaya da kayan a kafaɗa, waya a kunne, ina jin numfashinsa da ihun mai sharhi daga Kurayyat, har a tashi.