Mota Huɗu, Wurin Ajiye Uku

Janwe ya riga ya yi ribas har gaban farar motar, direbansa ya sauke sarƙa yana neman inda zai maƙala ta, Baba kuwa yana zaune a ciki, hannu biyu a kan sitiyari, ƙaramin rediyonsa na ba shi labaran ƙarfe goma. A kujerar mai zaman banza abokinsa ne, Baba Akawu, yana ɓare gyaɗa yana zubar da ɓawon ta taga. Ni kuma ina tsaye da makulli a hannu, gumi na bin bayana.

Ƙarfe biyu na ce wa Alhajin da ya sayi motar ya zo. Na zaɓi lokacin ne da gangan, don bayan azahar Baba yana ɗaki yana barci, Baba Akawu kuma ya kama hanyar gidansa a Romi. So nake a ɗauke ta babu wanda ya gani. Sai ga Alhaji da hantsi, wai mai janwe yana da wani aikin da rana.

"Wa ke kaɗa sarƙa a gabana?" in ji Baba. Idonsa ya daina gani sosai shekara huɗu ke nan, amma kunnensa ko allura ta faɗi ya ji.

Baba Akawu ya leƙo ta taga ya dube ni, ya dubi janwe. "Direba, kamar dai ɗanka ya yi zaɓe."

Bari in koma baya kaɗan. Baba tuƙi ya yi a masaƙa har aka rufe ta, a can suka haɗu da Baba Akawu, mutumin Filato, wanda ke rubuta fitar motoci da shigarsu. Shi ya sa har yau ɗaya ke ce wa ɗaya Direba, ɗayan ya ce masa Akawu. Wasu tsofaffin kiwon tantabara suke yi, Baba kiwon mota ya yi. In ya ga wadda aka yasar a gareji sai tausayinta ya kama shi, ya jawo ta gida. A haka muka tara huɗu a ƙofar gidanmu a Unguwar Mu'azu. Akwai akori-kura da nake ɗaukar kaya da ita in an samu, ita ke kawo cefane. Akwai wadda muke kira koriya, mai faɗin ciki, ta kai Mama asibiti da kwasar matan layi zuwa biki, ta taɓa ɗaukar mata tara da kulolin abinci. Akwai farar, wadda rabonta da motsi har ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta, ƙadangaru sun yi iyali a injin.

Sai kuma ƙaramar ja. Takardunta da sunan Baba, amma kowa a layi ya san tawa ce. Gawa aka kawo ta, gabanta a murƙushe. Wata takwas na yi a kanta, na bi shagunan kayan gyara ɗaya bayan ɗaya har ta tashi. Wanda ya san ni zai gane abin da wata takwas ke nufi. Makaranta a aji uku na ƙaramar sakandare na baro ta. Ɗinki sati shida na yi. Gyaran waya ya ɗan daɗe, har sai da na ƙona wa wata mata waya. Walda kuwa ranar da idona ya kwana yana ruwa na yi sallama da ita. Mama cewa take da a ce ƙafa na ƙarewa da yawo, da yanzu a gwiwa nake tafiya. Jar motar nan ita kaɗai ce abin da na fara na kai ƙarshensa.

Abin da ya kawo maganar sayarwa, ma'aikatan hanya ne suka zo suka shafa jan fenti a layinmu. Za a haƙa lambatu gefe da gefe a zuba kwalta, duk abin da aka samu a waje bayan Litinin za a kwashe. Muka auna tsakar gida da igiyar shanyar Mama. In an matsar da akurkin kaji, uku za su shiga, su ma da ƙyar.

Ranar Baba ya kira ni gabansa. Ya ce, "Kai ke tuƙa su yanzu. Ka zaɓi ɗaya ka sayar. Kada ka dawo mini da tambaya, abin da ka yi ya yi."

Mama ta ɗaga kai ta kalli rufin ɗaki. Tun da nake, ba a taɓa ba ni yanke hukunci a gidan nan ba. Ko gas za a saya, ƙanwata ake aika. Na fita ina jin kaina wani babba, na kuma rantse a raina ba zan ba shi kunya ba.

Yayata da ke aure a Trikania ta ce ai ko jariri ya san wadda za a sayar. Ni ma haka na gani. Na san Baba na zama a cikin farar kullum da safe, ba zan ce ban sani ba. Baba Akawu, tun da ya tashi daga layinmu ya koma Romi, kusan kullum sai ya hau keke biyu ya zo, su shiga su rufe ƙofa su yi ta musu a kan abin da rediyo ya faɗa. Amma na ɗauka zama zama ne, benci ma zai yi. Har na sa kafinta ya yi mini wani mai majingina, na ɓoye a shagonsa. Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba ita ce, da Alhaji ya zo dubawa, jar ya fara zagayawa yana shafa ta. Na yi maza na ja shi wajen farar. Ƙarfe da injin yake so, muka daidaita, na miƙa masa hannu na ce na sallama.

To ga mu yanzu, janwe na ta hayaƙi, maƙwabta sun fara fitowa kallo.

Baba ya kashe rediyo. "Kana ina?"

"Ga ni, Baba."

"Wannan ka zaɓa?"

"Ita ce ba ta tafiya, Baba."

"Ban tambaye ka dalili ba. Ka ce masa ka sallama?"

"Na ce."

Ya shafa sitiyarin daga sama zuwa ƙasa, inda hannunsa ya cinye fatar har ta yi santsi. Sai ya laluba ya mayar da giya firi, ya saki birkin hannu, motar da tayoyinta sun nutse a ƙasa, wai don kada ta ba mai ja wahala.

"Akawu, sauka. An sayar da ofis."

"Ni fa ban gama gyaɗata ba."

"Ka ƙarasa a waje. Magana ta fita, ba a lashe ta."

Da faɗa ya yi mini da ya fi sauƙi. Ya fito a hankali yana dafa ƙofa, ya tsaya a rana da rediyo a hammata, bai san inda zai nufa ba. A cikin motar ya san inda komai yake, goronsa a aljihun gaba, carbinsa a jikin madubi, bai taɓa neman a riƙe masa hannu ba. A waje sai da Baba Akawu ya kama gwiwar hannunsa. Ban taɓa ganin tsufan Baba ba sai a lokacin.

Na ja Alhaji gefe, bayan akori-kura. Na ce, "Alhaji, don Allah a warware."

Mutum ne mai sanyin magana, yana da wani hali na gyara hula kafin ya amsa. Ya gyara. "Samari, kai ka sallama, ni na karɓa. Ga janwe na ɗauko tun daga nesa. In tafi hannu rabbana, mutane su ce Alhaji ya je ciniki wurin yara?"

"To me za a yi?"

Kai kawai ya juya, ya kalli jar tawa, tana sheƙi, don da asuba na wanke ta.

Na san haka za a yi tun kafin ya juya. Na tsaya ina lissafin banza a kaina, ko akori-kura, ko koriya. In na ba da akori-kura me za a ci. In na ba da koriya, Mama da ciwon gwiwa ba ta iya lanƙwasawa ta shiga jar. Na zagaya na zagaya na dawo inda na fara.

Na ce, "Sai dai ka yi ciko, don wannan da ƙafarta za ta bi ka."

"Wannan ba matsala ba ce."

"Kuma akwai Baba. In ya ji ni na janye maganata, ba zai yarda ba. Sai ya sa an ja farar a gabansa."

Alhaji ya sake gyara hula, ya yi murmushi. Ya taka har gaban Baba ya rusuna ya gaishe shi.

"Baba, ni ne mai saye. Na zo da roƙo. Na sake duba farar nan na ga ta fi ƙarfina, ni nake neman a canza mini da jar, in an yarda."

"Kai ka nema, ko shi ya roƙe ka?"

"Ni na nema, Baba. Tun ranar farko ita idona ya kama."

Rabin maganar gaskiya ce, kuma na tabbata Baba ya ji wane rabin ne. Ya juyo da fuskarsa daidai inda nake tsaye. "Ba ni aka ba zaɓi ba. Ga mai zaɓi nan."

Na ce, "Na sallama."

Baba Akawu ya watsa gyaɗa a baki. "Direba, yaron nan wawa ne irinka. Wa ke sayar da mai rai ya ajiye gawa?"

"Kai ma ai na ajiye ka," in ji Baba.

Saura aiki, don farar dole ta shiga gida kafin Litinin. Mai janwe ya ce tunda ya zo ba zai koma bai ja komai ba, ya fizgo ta daga ramin da ta yi wa kanta. Ƙadangaru suka watse. Na ciro tayoyin akori-kura biyu na ɗaura mata aro, sauran biyun muka ba su iska suka ɗan riƙe. Maza shida na layi suka tuɓe riga za su tura. Na buɗe ƙofa zan shiga in riƙe sitiyari, sai Baba ya dafa kafaɗata.

"Matsa. Je ka gaba ka ba ni hannu da baki."

Ya shiga, ya gyara zama, har madubi ya taɓa. Baba Akawu ya zagaya ya shige kujerarsa, masu turi suka yi ta ƙorafin an ƙara musu nauyi, ya ce shekara ashirin yana rubuta fitar Direba, yau sai ya rubuta shigarsa. Na tsaya a bakin get ina fuskantarsu ina ja da baya.

"Taho, Baba. Taho. Dama kaɗan. Dama."

Na manta damata hagunsa ce. Ya bi maganata daidai, gefen motar ya goge ginshiƙin get, ƙiii, fenti ya zubo. Mama da ke riƙe da kaji a tsakar gida ta yi salati.

Baba ya leƙo da kai. "Shekara talatin ina tuƙi ban taɓa gogar bango ba, sai da na samu ɗan jagora irinka. Damar wa?"

"Damata, Baba."

"To daga yau ka riƙa magana da hannun direba. A koma baya."

Aka koma baya. Karo na biyu ya shigar da ita cikin tsukin nan tsaf, tsakaninta da bango bai fi tafin hannu ba, ya ja birki ya ce a buɗe masa ƙofa. Yana haki kamar shi ya yi turin, bakinsa ya ƙi rufuwa.

Alhaji da kansa ya tuƙa jar ya fita da ita, janwe na binsa a baya ba komai. Ban tsaya kallo ba, na shiga mayar da tayoyin akori-kura.

Bayan la'asar Baba ya sa aka kira ni. Ya ciro zoben makullai daga aljihun 'yar-cikinsa, wanda ko Mama ba ta taɓawa, har da na akwatin takardun motoci. Ya ajiye a tafin hannuna bai yi wani jawabi ba. Abin da ya ce kawai, "Ka faɗa wa mutumin nan aibinta?"

"Bai tambaya ba."

"Ba sai ya tambaya ba. Wanda ya sayar shi ke faɗa."

Na zauna a kan bencin da na karɓo daga wurin kafinta, wanda yanzu Mama ta gaje, na rubuta wa Alhaji:

"Salam Alhaji, yaron da ka sayi jar mota a wurinsa ne. Baba ya ce in faɗa maka aibinta. Da safe ba ta tashi bugu ɗaya, ka taka totur sau biyu ka ɗan jira, kada ka matsa mata. Giya ta biyu tana gardama in ba ka taka kuloci har ƙasa ba. Allurar mai ƙarya take yi, in ta nuna rabi to ya kusa ƙarewa. Ƙofar baya ta hagu daga waje ake buɗe ta. Ban da wannan ba ta da laifi. In ta yi ciwo kada ka kai ta wurin kowa, ka kira ni, na san cikinta. Na gode da abin da ka faɗa wa Baba."