Rahila, Wadda Ta Sa Aka Rubuta Sunan Babana

Da safen nan Yohanna ɗan Rahila ya kira ni, wai mamansa ta rasu. Na ajiye wayar. Har yanzu ban iya karyawa ba.

Ƙawata ce tun muna 'yan mata, kafin a samu 'yancin kai. Mu 'yan Barno ne mazauna Fagge, su kuma Kiristocin Zariya ne a Sabon Gari. Abin da ya haɗa mu shi ne tsohon hol ɗin nan mai rufin kwano da ke tsakanin unguwannin biyu, wanda aka gina don tunawa da sojojin da suka tafi yaƙin Bama ba su dawo ba. A nan ake taron unguwa, a nan kuma mamanta ke koya wa mata ɗinki da la'asar.

Babana yana cikin waɗanda ba su dawo ba. Ban san fuskarsa ba.

A bangon hol ɗin akwai babban allon katako mai sunayensu. Inna takan ce nasa na ciki, haka aka gaya mata. Daga ni har ita babu mai boko. Wata rana na roƙi Rahila ta nuna min.

Ta hau benci, ta bi layukan da yatsa har sau uku. Ta sauko ta ce, "Falmata, babu shi. Kuma ba zan nuna miki sunan wani in ce nasa ne ba."

Kwana biyu ina fushi da ita.

Ashe ta tasa babanta a gaba, malamin makaranta ne. Ya zo har zaurenmu, ya karɓi takardar soja da Inna ke ajiyewa a ƙasan kwalla, ya kai wa dattawan kwamitin hol ɗin. An yi watanni ana kai da kawo, sannan mai fenti ya zo ya ƙara a can ƙasa: MODU BUKAR.

Ranar Inna ta sa mayafinta mai kyau, ta je ta tsaya a gaban allon.

Da haruffan nan Rahila ta fara koya min karatu.

Bara bayan Kirsimeti ne ganinmu na ƙarshe. Ta zo da sandarta, muka hau adaidaita zuwa hol ɗin. Ya zama sito, dilolin atamfa har kusa da rufi. Mai gadi ya janye mana guda biyu. Allon na nan, gara ta ci gefe ɗaya.

Da ta ji ana maganar rushe ginin a yi shaguna, sai ta ce, "To, mutanen nan fa, ina za a kai su? Ba su da kabari a ƙasar nan."

Ta saya min rake, muka rabu a bakin titi.

'Ya'yana na Fagge da Sabon Gari, ku je ku ga allon nan, ku ɗauki hoto, ku yi wa manyan unguwa magana. Wataƙila kakan wani a cikinku yana wurin.

Allah Ya saka wa Rahila da alherin da ta yi min, Ya ba Yohanna da ƙannensa haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa su a addu'a, ya haɗa har da waɗanda sunansu ke jikin allon.