Man Babur Ɗin Bitrus

Jama'a, yau na ga wanda mota ta buge ya ba ta mai!

Muna saran rake a fadamar Gubuchi da hantsi, sai ga Bitrus malamin gona a kan babur ɗinsa, ya biyo 'yar hanyar cikin gona. Ashe Baba Sani mai akori-kura yana gangarowa daga tudu, ya kashe inji don tattalin mai. Kun san halin da ake ciki. Kwana uku ya yi a layin gidan mai, sojoji na korar mutane da bulala, ko galan bai samu ba. Mota ba ƙara, ga rake ya rufe kwana. Sai ji muka yi gau!

Innalillahi! Muka ruga. Bitrus na kwance, ƙafar dama ta karye, goshi na jini. Baba Sani ya fito yana cewa, "Na kashe shi! Wallahi ban gan shi ba!"

Muka ɗora Bitrus a bayan motar, aka murza makulli. Shiru. Mai ya ƙare ƙaf! Dattijon ya zube ƙasa ya fashe da kuka.

Sai Bitrus ya ɗago kai da ƙyar ya ce, "Baba, bar kuka. Akwai mai a tankina. Ku zuƙe ku zuba."

Ni na zuƙo da tiyo, har yanzu bakina warin fetur yake. Mun kai shi asibiti a Makarfi, likita ya ce zai taka. Can na baro Baba Sani a bakin gadonsa yana masa fifita, ya ce ba inda za shi.