Abin da Ya Rage a Ƙarshen Kaset

Mahaifina ya rasu a Riyad a shekarar da na kammala digirina. Ya bar mana tufafinsa, da agogonsa, da kwalaye biyu cike da kaset a saman kabad. Takardar izinin zamanmu, wato iƙama, a kan tasa take rataye, don haka rasuwarsa ita ce sanarwar tafiyarmu. Kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya yi mana kara, ya ce mu zauna har Inna ta fita takaba. A cikin wannan zama ne maganar kaset ta taso.

Baba direba ne a wani kamfanin gine-gine. A farkon zuwansa ƙasar an haɗa shi da wani Bature injiniya, yana kai shi wuraren aiki a bayan gari. Baturen nan kiɗan ƙungiya ɗaya tak yake saurara, wasu masu gashi har kafaɗa da suka yi tashe kafin a haife ni, masu jita mai kururuwa da ganga mai girgiza ƙirji. Kuma ba ya son wanda aka tace a ɗakin ɗaukar sauti, sai wanda aka ɗauka a filin wasa, inda wani ɗan kallo ya ɓoye rikoda a cikin riga. Baba bai iya Turanci ba sai na hanya, amma kunnensa ya kama. Bayan Baturen ya koma ƙasarsu, shi ya ci gaba da nema a kasuwar gwanjo ranar Juma'a bayan la'asar, da wajen ma'aikata baƙi masu shirin komawa gida.

Waƙoƙin kusan ɗaya ne a kowane kaset, gari ne kawai yake sauyawa. Na taɓa tambayarsa amfanin tara abu iri ɗaya.

"Wa ya ce maka iri ɗaya ne?" in ji shi. "Saurara. A wannan garin mai gangar ba shi da lafiya, ji yadda yake jan ƙafa. A wancan kuwa faɗa suka yi da mai jitar, kowa na neman danne ɗan'uwansa."

Yawancin kaset ɗin aro yake yi ya kwafa, kuma bai taɓa mallakar wayar haɗa rikoda da rikoda ba. Sai ya ajiye rikoda biyu a ƙasa suna fuskantar juna, ya tokare su da matashin kai, ɗaya tana yi ɗaya tana ɗauka. Daga nan ya ɗaga yatsa, ya ce kowa ya yi shiru. To, gidanmu mai ɗaki biyu a unguwar Utaiƙa ba ya yin shiru.

"Ga maƙeran nan sun sake buɗe maƙera," Inna takan ce daga kicin. "Malam, mutum da furfurarsa!"

"Su ma yanzu furfurar gare su," yakan amsa, sannan ya tuna ana ɗauka, ya dafe baki.

Bayan an watse daga zaman makoki, Inna ta kira ni wata rana da hantsi. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana. Ta nuna saman kabad ba tare da ta dubi wurin ba.

"Kai, sauke waɗancan ka ƙone su. Abin da mutum ya bari ana saurara yana bin sa har inda yake kwance. Duk lokacin da na ɗaga ido na gan su, ji nake kamar na bar shi a rana."

Na yi karatu, na san malamai sun yi maganganu mabambanta a kan kiɗa. Amma ban ga fuskar yi wa mai takaba muhawara ba, kuma ni ma tsoron yana zuciyata. Na sauke kwalayen. Kafin in fitar da su, na ce bari in saka guda ɗaya a hankali, don in san abin da zan ƙone.

Jama'a suka kaure da ihu a wani gari da ban taɓa zuwa ba, ganga ta faɗo. Sai kuma, kusa ƙwarai, kamar a bayan kunnena, Baba ya yi gyaran murya. Na ji gurnanin tsohon mukayyif ɗinmu, na'urar sanyaya ɗakin da muka jefar tun ina firamare. Na ji wani yaro yana neman ruwa da Larabci, Baba yana raɗa masa da Hausa cewa ya je wajen Innarsa. Sai da na ɗan jima kafin na gane ni ne yaron. Can cikin waƙar kuma Baba yana bin jitar da hanci, yana riga ta isa inda za ta je.

Ba mu da muryarsa a ko'ina. Ba ya aika saƙon murya, kira yake yi ya faɗi magana ya kashe. Duk abin da ya rage na sautinsa a duniya yana ƙarƙashin kiɗan da Inna take tsoron ya cutar da shi. Na yi tunanin juye su a waya a ɓoye, sai na ga hakan ninka abin da take gudu ne. Raba muryar da kiɗan kuwa ba ya yiwuwa, tare suka shiga zaren.

Ban gaya mata abin da na ji ba. Na ce mata dai ƙona kaset masu lafiya ɓarna ce. Sai ta kawo shawara da kanta: in karanta Alƙur'ani a kansu, in mun koma gida a raba wa tsofaffin da har yanzu suke da rikoda, ladan ya tafi gare shi.

Haka na wuce sauran kwanakin takabar. Kowace safiya in yi alwala, in liƙe ramukan da ke saman kaset da salatif don ya karɓi sabon ɗauka, in danna jan maɓalli, in fara karatu. Ina kallon zaren yana juyawa, na san muryata tana taka tasa tana shafewa, gyaran murya bayan gyaran murya. Ban sake sauraron ko ɗaya kafin in shafe ba, domin na san ba zan iya ci gaba ba. Abu ɗaya na kiyaye: ba na barin zare ya yanke mini aya a tsakiya. In na ga ya kusa ƙarewa, sai in tsaya a ƙarshen sura ko inda ma'ana ta cika, in kashe.

Ana gobe za mu tafi, muna ɗaure kaya bayan azahar, Inna ta ce in saka mata ɗaya ta ji ko karatun ya fita. Ta saurara tana naɗe zannuwa, na juya mata ɗaya gefen, har surar ta ƙare. Aka ji ƙarar maɓallin da na kashe. Zaren bai tsaya ba.

Tafi ya cika ɗakin. Dubban mutane suna buga ƙafa, suna kiran makaɗan su dawo. Daga nesa wata mace mai ƙuruciya a murya ta ce, "Malam, tuwon nan zai huce fa." Baba ya amsa, dab da rikodar, yana danne dariya: "Ina zuwa. Ba su gama ba tukuna." Tafin ya ci gaba kaɗan, zaren ya ƙare, maɓallin ya ɗago da kansa.

Na miƙa hannu zan mayar da shi baya in shafe. Inna ta riƙe mini wuyan hannu. Rabon da ta taɓa ni har na manta.

"Akwai kiɗa a wurin nan?"

"Babu, Inna. Tafi ne kawai."

"To tafi ai ba kiɗa ba ne. Bar shi."

Ta sa na bi ƙarshen sauran ɗaya bayan ɗaya. Inda kiɗa ya rage, na shafe. A sauran babu komai sai ihun baƙi da gurnanin mukayyif. Wancan guda ɗaya ne kaɗai yake da shi.

A Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid kwalayen suka bi kaya, shi kuwa yana cikin jakarta ta hannu, naɗe a ɗankwali. An raba sauran kamar yadda ta yi niyya. Wannan tana saka shi da safe in ta idar da lazimi. Ina jin muryata daga ɗakinta har surar ta ƙare, sannan in ajiye abin da nake yi, domin na san ba za ta kashe ba.