Gwangwanin Malam Bobbo Mai Majigi

Kafin ya zura fim a cikin inji, Malam Bobbo yakan taɓa bakin fim ɗin a leɓensa na ƙasa. Ranar da na fara gani na ɗauka addu'a yake tofawa. Daga baya ya gaya mini cewa gefen da hoto yake shi ne mai manne wa leɓe, ɗayan santsi gare shi, kuma wanda bai bambance ba sai ya haska wa jama'a duniya a juye.

Shekara ashirin da biyu ya yi yana wannan aiki, tun Turawa suna nan har suka tafi. Da hantsi zai goge madubin inji, ya duba injin wuta, ya naɗe farin ƙyalle ya ɗaure a saman mota. La'asar a hanya take riskarsa: yau Kudan, gobe Saulawa, jibi Kurmin Kogi. Ana idar da sallar isha'i zai haska, ya riƙe lasifika yana bayani, domin finafinan ba sa jin Hausa. A bakinsa manoma suka ji yadda ake feshin auduga, a ƙyallensa iyaye suka ga amfanin allurar lamba. Har ta kai in gardama ta yi zafi a kasuwar Makarfi, wani ya ce, "A majigi na gani," sai kowa ya yi shiru.

Yana da ɗabi'a guda da direbansa ke yi wa dariya. Duk guntun fim da ya yanke, ko bai kai ɗan yatsa ba, ba ya yar da shi. Yana da tsohon gwangwanin madara da yake tarawa a ciki.

A watan nan ya ajiye aiki. Tun da na ji labari na kasa zama wuri ɗaya. Na fara rubutun nan sau huɗu ina yagewa, saboda ba zan iya yabonsa ba sai na faɗi abin da na yi.

Bara waccan ina ajin ƙarshe a jami'a a Zariya. Malaminmu ya ba kowa aron kyamara, ya ce mu shirya tallar fim ta minti uku, somin-taɓin wani labari, mu haska wa jama'a, mu rubuto yadda suka karɓe ta. Ni da ko gaisuwa a cikin taro sai muryata ta maƙale, sai na zaɓi abin tsoro: fatalwa mai fitowa daga rijiya. Kawuna ya haɗa ni da Malam Bobbo don ya taya ni yanka da haɗawa. Fatalwar kuwa Inna Sabuwa ce, mai daddawa a Saulawa, ƙawar kakata. Ko gardama ba ta yi ba.

"In dai za a gan ni a ƙyalle kamar matar Gwamna, ki shafa mini duk tokar garin nan," in ji ta.

Muka shafa mata toka, ta yafa farin zane, ta warware gashinta. Na sa ta yi tafiya da baya har gindin rijiya, ta durƙusa ta ɓuya. Da aka juya fim ɗin sai ga ta tana tasowa daga rijiyar, tana nufo mai kallo da wata irin tafiya wadda ba ta mutane ba. Ni kaina sai da tsigar jikina ta tashi.

Malam Bobbo ya kalla sau biyu, ya kashe inji.

"'Yata, aikin ya yi kyau. Amma wannan fuskar an san ta, rijiyar ma an san ta."

"Baba, ai wasa ne. Kowa zai gane."

"A Zariya za a gane. A nan ba a taɓa yi musu wasa da ƙyallen nan ba."

Na sunkuyar da kai, amma ban ji ba. Na rubuta takardun talla da hannuna na manna a tasha, na sa mai shela ya zaga kasuwar Makarfi yana cewa a zo a ga abin da ke cikin rijiyar Saulawa. Na roƙi Baba har ya yarda ya haska. Bayan fim ɗin auduga ya ɗora nawa. Babu wanda ya yi dariya. Wata tsohuwa ta yi salati ta ce, "Wallahi Sabuwa ce!" Ni kuwa ina bayan mota ina rubutawa cikin murna: sun tsorata.

Kwana huɗu bayan haka Inna Sabuwa ta zo gidan kawuna da ƙwaryar daddawa a ka, cike kamar yadda ta fita da ita. Ba wanda ya taya. Mata sun daina ɗibar ruwa a rijiyar, sun koma rafi. In ta ratso, iyaye su janye 'ya'yansu. Wani mahauci, Tukur, yana rantsuwa cewa ya daɗe da sanin mayya ce.

"Rahmatu," ta ce da ni, "shekara talatin ina dafa kalwa a garin nan. Yau an ce kurwar yara nake dafawa. Matar Gwamnan ke nan?"

Na shiga ɗaki, na fito, na sake shiga. Na yi tunanin ƙona fim ɗin, amma ƙona shi ba zai goge abin da ido ya gani ba. Na tafi wurin Malam Bobbo ina kuka. Bai ce mini "ai na gaya miki" ba. Gwangwaninsa ya jawo, ya zazzage a kan tabarma, ya dinga ɗaga guntaye ɗaya bayan ɗaya yana dubawa a hasken rana. Duk abin da na ce a yanke a yar don ya ɓata mini tsoro, yana nan. Wuni guda ya yi yana liƙawa.

Ya nemi izinin mai gari, ya kafa ƙyalle a Saulawa, a gindin rijiyar. Ya miƙo mini lasifika don in yi bayani. Na buɗe baki, ko kalma ba ta fito ba. Sai ya karɓa a hankali, kamar dama gwada ta yake yi.

"Jama'a, salamu alaikum. Ni na haska muku wancan, ni zan haska muku wannan. Ku buɗe ido."

Ga Inna Sabuwa ana shafa mata toka, ta yi atishawa har sau uku. Ga akuyarta ta shigo tana cin gefen farin zanen, fatalwa ta bi ta da takalmi. Ga ta tana dariya har da riƙe ciki. Sai ya ɗora tafiyar nan mai ban tsoro, ya juya inji a gabansu: ta fito daga rijiya, ta koma, ta fito, ta koma. Yara suka fara ƙyalƙyalewa, manya suka bi.

"Tukur," in ji shi ta lasifika, "ka taɓa ganin mayyar da akuya ta fi ƙarfinta?"

Tukur bai ji daɗi ba. Ya miƙe ya ce, "To Malam Bobbo, ashe majigi yana ƙarya! Maganin audugar ma haka kuka juya mana shi?"

Wannan tambayar ce Baba ya sani za ta zo tun yana liƙa guntayen nan, bai kuma fasa ba.

"Majigi yana iya ƙarya," ya ce. "Yau kun gani. Amma auduga, gonarka tana nan, je ka tambaye ta."

Inna Sabuwa ta tashi, ta jefa guga a rijiyar, ta jawo ta sha a gaban kowa. Matar mai gari ta karɓa ta sha. Kasuwar da ta biyo baya, kafin azahar ƙwaryarta ta ƙare.

Shi ne ya ɗauki nauyin abin. Damina guda, duk inda ya kafa ƙyalle sai wani ya ɗaga murya daga baya: "Malam, wannan gaskiya ce ko ta Sabuwa?" A Kudan sai da ya bi gida-gida tare da masu lamba yana lallashi, abin da da can magana ɗaya ta ishe shi. Ko sau ɗaya bai ce ɗalibar nan ce ta jawo ba. Ni na ci jarrabawata. Cikakken fim ɗin ban taɓa yin sa ba.

Baba, kai ne ka tara amana shekara ashirin, ka fasa ta a dare ɗaya don tsohuwa mai daddawa ta ci gaba da shiga mutane. Kai ne mai gwangwani, wanda ba ya raina guntu. Na gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka hutu mai albarka. Mu kuma da muka fito makaranta muna ɗokin riƙe kyamara da lasifika, mu koyi tambayar da ka yi kafin ka kunna inji: wannan fuskar ta wace ce, kuma ina za ta kwana bayan mun naɗe ƙyalle?

Ranar Asabar aka yi masa taron sallama a Ikara. Inna Sabuwa ta zo da daddawa ƙunshi guda. Manya suka yi ta jawabi, ni kuma ina murza takardar nan a hannu, na ƙudura cewa yau sai na tashi na karanta. Da aka kira sunana na miƙe, na waiwaya inda yake zaune. Kujerar ba kowa, sai gwangwanin, an rubuta sunana a murfinsa. Ta taga na hango shi ya rataya ƙunshin daddawar a kan kekensa, yana tura shi a hankali har ya fita ƙofa.